Tsarabar Hanya: A Tsaya Wajen Mahaucin Gado da Gidan Burodin Gari

 Gaisuwa ta musamman ga direbobi da matafiyan da ke kan hanya yanzu haka da rediyo a kunne. Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare ku daga sharrin ƙarfe, Ya sada kowa da iyalinsa lafiya.

Yau zancen tsaraba za mu yi. Bahaushe ba ya dawowa daga tafiya hannu rabbana. Kafin ka gama sallama yara sun rufe ka, wannan ya karɓi jaka, wancan yana leƙen leda, uwargida tana sannu da zuwa idonta na kan abin da aka shigo da shi. Abu biyu kuma sun fi yawa a cikin ledar matafiyi, nama da burodi. Abin da nake so mu duba shi ne inda muke sayen su. Da yawanmu ta tagar mota muke ciniki. Direba ya rage gudu a wajen wani shinge, hannaye goma su kutso, ka miƙa kuɗi, a cillo maka ƙunshi, mota ta wuce. Ba ka san wanda ya yanka ba, ba ka san ranar da aka gasa ba, in ma ka buɗe ka ga abin da bai yi maka ba, kun riga kun yi nisan kilomita ashirin.

Ni abin ya taɓa faruwa da ni, shi ya sa nake maganar da zafi. Wata shekara da bazara muna dawowa daga wani biki, na sayi tsire ta taga a wata mararraba da ba zan ambaci sunanta ba. Ɗumi ne da shi, ƙamshin yaji na tashi, na jefa shi a bayan mota, muka ƙara tafiyar awa huɗu cikin rana. Da muka iso gida yara suka ci. Daren nan a asibiti muka ƙare shi, ƙaramar 'yata ana yi mata ƙarin ruwa saboda amai da gudawa. Kwantai ne aka ɗumama aka sayar mini, ni kuma na ƙara masa zafin mota. Tun daga ranar na ɗauki alkawarin ba na sake sayen nama sai na sauka da ƙafata na ga mai shi ido da ido.

To, bari mu hau mota tare. Mu tashi daga Kano mu nufi Katsina, tafiyar kilomita 170 ko kusa da haka: Dawanau, Bichi, Tsanyawa, Kankiya, Charanchi. Duk garin da ka ratsa a hanyar nan akwai rumfar mahauta, kuma a mafi yawansu za ka tarar sana'ar ta gida ɗaya ce, kaka ya bar wa uba, uba yana koya wa ɗa.

Akwai wani dattijo a ɗaya daga cikin garuruwan nan da na saba tsayawa wajensa. Rumfarsa ba a bakin kwalta take ba, sai ka shiga lungu kaɗan, bayan masallacin Juma'a. Ranar farko da na je na tarar da shi zaune a kan buzu, ya miƙe ƙafa, wuƙa a hannu tana ƙyalli don shan washi. Babban ɗansa na kan tukuba yana juya tsinke, na biye da shi yana daka yaji, wani ɗan jikansa da bai fi shekara tara ba yana tsaye da mafici yana korar ƙuda. Na ce, "Sarkin Fawa, barka da aiki." Ya ɗago ya ce, "Barka kadai, ɗana. Daga ina haka da ƙurar hanya? Kai, ba shi benci, ka ɗebo masa ruwa." Ban tambayi farashi ba sai da muka gaisa, ya tambayi mutanen gida, na tambayi kasuwa. Sannan na ce, "Baba, na yau ne?" Bai ji haushi ba. Ya nuna mini fatar san da aka yanka da safe tana shanye a gefe, ko bushewa ba ta yi ba, ya ce, "Ga shaidarka nan. Na jiya kuwa ga shi can, na gaya wa yara duk wanda zai saya a faɗa masa na jiya ne, a rage masa kuɗi." Ya yanko ɗanɗano ya miƙo mini a kan wuƙa.

Na tambaye shi me ya sa yake wahalar da kansa da wannan bayani alhali baƙo ba zai gane ba. Ya ce mini mahaifinsa a wurin nan ya zauna, kakansa ma haka, duk garin kuma babu wanda bai san ƙofar gidansu ba. In ya sayar da abin da ya cutar da wani, da wace fuska zai shiga sahun sallar asuba?

Wannan magana ita ce ginshiƙin abin da na zo da shi yau. Mai talla ta taga yau yana nan, gobe yana wata mararrabar, kuma ba zarginsu nake yi duka ba, akwai masu tsoron Allah da yawa a cikinsu, yawanci ma yaran wani ne da aka ɗora wa tire. Amma mahaucin gado sunan gidansu ne jarinsa. Ba shi da inda zai gudu. Kuma a ƙasar Hausa fawa sana'a ce mai shugabanci tun tale-tale. Kowane gari da Sarkin Fawansa, sarauta ce da sarki ko hakimi ke naɗawa, shi ke sa ido a kan abin da ake kai wa kwata, shi ke tsawatarwa in wani ya yi yunƙurin shigo da mushe ko dabbar sata. A manyan mayanka irin abbatuwar Kano akwai kuma likitocin dabbobi da ke duba dabba kafin yanka, su duba huhu da hanta bayan an feɗe, saboda tarin fuka na shanu yana kama mutum, ana kuma samun tsutsar hanta. Mun tuna a watan Yulin 2023 hukumomi sun tabbatar da ɓullar cutar anthrax a wata gona da ke yankin Suleja, aka yi ta gargaɗin kada a yanka dabba maras lafiya, kada a taɓa wadda ta faɗi ta mutu farat ɗaya. A ƙauyen da likita ba ya zuwa kullum, idon Sarkin Fawa da mutuncin gidan mahauci su ne katangar da ta rage tsakaninka da irin wannan nama.

A nan zan ɗan ratse. Akwai wata tsohuwar ɗabi'a da har yau ba ta mutu ba a wasu gidajenmu, ta raina mahauta, har a hana su aure a ce wai Rundawa ne. Wannan ba daidai ba ne, kuma ba shi da tushe a addini. Mutumin da ka amince ya ambaci sunan Allah ya yanka abin da kai da 'ya'yanka za ku ci, wanda kake nema ido rufe ranar suna da ranar Babbar Salla, shi ne za ka ce bai kai ya zama surukinka ba? A gyara, jama'a.

Mu koma kan hanya. Da ka sauka a rumfar mahauci, bari idonka ya yi maka aiki kafin bakinka. Dubi teburin, dubi ruwan da ake wanke wuƙa, dubi ko hannun da ke karɓar kuɗi shi ne ke damƙar nama. Tsoka mai kyau ja ce mai sheƙi, in ka danna ta da yatsa sai ta dawo, ba ta yauƙi, ba ta tashin wani wari. In tsire ne ko balangu, ka ce a mayar maka da shi wuta a gabanka har ya yi zafi ciki da waje, ka ci shi nan take. Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗin kada dafaffen abinci ya wuce awa biyu a ajiye ba a wuta ba, ba a firji ba, domin tsakanin ma'aunin zafi 5 da 60 ne ƙwayoyin cuta ke hayayyafa da sauri. Ka kwatanta wannan da bayan mota a watan Afrilu. Saboda haka tsire da balangu abincin wurin ne, a ci a sha ruwa a yi hamdala. Sai ka roƙi mai nama kada ya naɗe maka a tsohuwar jarida ko takardar buhun siminti, tawada da ƙurar siminti ba abin ci ba ne. Ni da 'yar kula nake tafiya a mota saboda wannan.

Naman da aka yi domin tafiya shi ne kilishi, kuma a nan ne za ka ga gwanintar gado da idonka. A Kano unguwar Agadasawa ta yi suna a kansa. In ka je da hantsi za ka ga mutum ya ɗauki curin tsokar cinyar sa, wadda babu kitse babu jijiya, ya sa wuƙa yana warware ta a hankali kamar mai warware rawani, har ta zama shimfiɗa guda mai faɗi, siririya, kana iya hango hasken rana ta cikinta, kuma ba ta huje ba. Wannan hannu ba a samunsa a wata guda. Yaro yana farawa ne daga korar ƙuda da juya shanya, ya shekara yana kallo kafin a ba shi wuƙa. Sai a shanya naman a kan gadon kara ya sha rana, a tsoma shi a cikin labu, wato kwaɓin tunkuza da aka haɗa da citta da kanumfari da masoro da barkono da albasa da gishiri, a sake shanyawa, daga ƙarshe a nuna masa wuta sama-sama. Kowane gida da sirrin haɗinsa, shi ya sa wanda ya saba yana ɗanɗanawa zai ce maka wannan na gidan wane ne. Abin da ke sa kilishi ya daɗe shi ne an kore ruwan jikinsa. In ka taɓa ka ji da danshi, ko ka ga farin fumfuna a lungunsa, ko man gyaɗar ya fara wari, ka bar shi komai arha. Da damina sai an ƙara lura, domin rana ba ta isar shanya.

Wanda Allah Ya nufa ya zarce daga Katsina, ya bi ta Jibiya ya tsallaka Magama da Ɗan Isa ya shiga Maraɗi, to ya shiga wata duniyar kilishin. Daga Maraɗi in ka yi yamma ta Gidan Rumji za ka isa Madawa, garin da sunansa ya tafi tare da kilishi a duk faɗin Nijar, Tasawa ma a gabas ba a bar ta a baya ba. 'Yan'uwanmu na can suna rarrabe shi: akwai ja, akwai fari, akwai kuma rumuzu wanda ba a tsoma shi a tunkuza, mai da kayan ƙamshi kawai ake shafa masa. Hukumar OAPI mai kare haƙƙin fasaha ta ƙasashen Afirka 17, wadda hedikwatarta ke Yawunde, ta yi wa kilishin Nijar rajista a matsayin kayan da sunansa ke ɗaure da ƙasarsa, tare da albasar Galmi. Ma'ana, hukuma ta yarda cewa abin da waɗannan gidaje suka gada dukiya ce ta ƙasa da ta cancanci kariya. Ina fata hukumominmu na Nijeriya su yi wa kilishin Kano da gurasarta irin wannan gata. Sai dai duk mai niyyar wannan hanya ya tambayi direbobin tasha halin da ake ciki kafin ya tashi, ya riƙe takardunsa, kuma kada ya yi tafiyar dare, mun san yadda tsaro yake a yankin.

Yanzu mu juya wajen burodi. Da ka tsallaka Nijar za ka ga ya sauya kama, ya zama dogo siriri mai ɓawo irin na Faransa, a tsaye cikin kwando ko a ɗaure bayan babur. A wajenmu kuwa na gwangwani ne mai laushi, abokin shayi. Kusan kowane babban gari a hanya yana da gidan burodin da wani Alhaji ya kafa shekaru da dama, yanzu 'ya'yansa ke riƙe da shi. Ba ka buƙatar allo, hancinka zai kai ka. Ka shiga da sallama ka ce, "Alhaji, matafiya ne, muna son na yanzu." Sau da yawa za a ce ka ɗan jira minti goma ana fitarwa. Ka jira. Za ka ga samari sun yi sahu, wannan na yanka kwaɓi yana ɗorawa a sikeli, wancan na shafa wa gwangwani mai, wani ya zura dogon cebur na katako cikin bakin tanderu yana jawo gwangwanaye, gumi na zuba. Wanda ya ga wannan sau ɗaya ba zai sake yi wa burodi kallon abin banza ba.

Waɗannan gidaje suna cikin matsi, kuma ya kamata mu sani. Mafi yawan alkamar da ake niƙa fulawa da ita a Nijeriya daga waje ake shigo da ita. Da yaƙin Rasha da Yukren ya ɓarke a watan Fabrairun 2022 farashinta ya tashi a duniya, har masu gidajen burodi suka tafi yajin aiki a shekarar. Aka zo aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira ta faɗi, sukari da bota da yis da itace da kuɗin dako duk suka hau. Ƙananan gidaje da yawa sun rufe. Matsi irin wannan shi ke tura marasa tsoron Allah ga ha'inci. Akwai wani sinadari da ake kira potassium bromate, wanda ke sa kwaɓi ya kumbura, burodi ya yi girma da fulawa kaɗan. Yana illa ga ƙoda, kuma masana sun sa shi cikin abubuwan da ake zargin suna jawo ciwon daji. Hukumar NAFDAC ta haramta sa shi a burodi tun zamanin da marigayiya Farfesa Dora Akunyili ke shugabantarta, amma har yau hukumar na kama masu yi a ɓoye. Ido kaɗai ba ya tabbatar maka da shi. Abin da za ka iya shi ne ka duba ledar: sunan gidan, adireshinsa, lambar NAFDAC. In ka ga burodi ƙato kamar matashin kai amma ka ɗaga ka ji shi sakayau, ka matsa ya koma loma guda, kuɗinsa kuma ya yi arhar da hankali ba zai ɗauka ba, ka yi hattara. Sannan in ka sayi mai zafi, kada ka ƙulle ledar nan take, bar shi ya sha iska, in ba haka ba zai yi gumi, kwana biyu ka ga fumfuna.

Kafin burodin gwangwani ya zo muna da namu. Gurasa ta shigo Kano ne ta hannun Larabawa fatake, ta zama 'yar gida, har akwai unguwar da ake kira Chediyar 'Yan Gurasa, Jakara ma an san ta da ita. Wannan sana'ar mata ce, a cikin gida, uwa ta koya wa 'ya. Na taɓa raka wata gwaggona sayen gurasar biki da sassafe. Muka tarar da Hajiya mai gidan tun kafin asuba ta hura wuta a cikin tanderu, wata ƙatuwar tukunyar ƙasa, itacen ya cinye ya zama garwashi. Ta tsoma hannu a ruwa, ta ɗebo kwaɓi, ta fyaɗa shi a tafin hannu, ta zura hannun cikin wannan zafi ta manna a jikin tukunyar, ta zaro, ta sake ɗebowa, ko kallon wurin ba ta yi. 'Yarta na gefe tana ɓamɓaro waɗanda suka nuna tana jerawa a kwando. Na ce, "Hajiya, hannun ba ya ƙuna?" Ta yi murmushi ta ce, "Ɗan nan, da wannan hannun na aurar da 'ya'ya biyar." Matafiyi namiji ba zai faɗa gidan matan aure ba, wannan a sani. Ka yi sallama daga zaure a aiko yaro, ko uwargida in kuna tare ta shiga. Gurasa kuma in ta haɗu da tsire, ko aka yi bandashe da ita da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa da albasa, to mahauci da mai tanderu sun haɗu a faranti guda.

Direbobi, musamman na motocin haya, kalma ɗaya gare ku. Kun fi kowa sanin gidajen kirki a hanya, ku riƙa kai fasinja can. Ku sauka daga kan kwalta gaba ɗaya ku faka, kada a tsaya a kwana ko bayan tanka. Tsayawar nan ta minti ashirin, a yi salla, a miƙe ƙafa, a wanke fuska, ita ce maganin gyangyaɗin da jami'an kiyaye haɗura ke gargaɗi a kai kullum.

Ku kuma fasinjoji, in kun sauka a rumfar dattijo kun ga aiki mai tsabta, kada ku tsaya taya kaya da wulaƙanci don kun ga ƙauye ne. Mutumin da ba ya neman ragi a babban kanti a birni bai kamata ya zo yana murɗe wa mai gurasa naira hamsin ba. Ku biya da daɗin rai, in an yi muku gyara ku yi godiya, ku karɓi lambar waya don in za ku sake biyowa a ajiye muku. In kuma kun ga ƙazanta, ku faɗa wa mai wurin a hankali, a gefe, ba a gaban 'ya'yansa ba. In abin ya wuce gyaran baki, akwai Sarkin Fawa, akwai malaman duba-gari.

Mahauta da masu gidajen burodi da iyayenmu mata masu gurasa da ke saurarenmu, muna roƙonku ku rufe kaya da raga saboda ƙuda da ƙurar mota, ku ware mai karɓar kuɗi daban, ku faɗa wa baƙo gaskiyar kwanan kaya kamar yadda dattijon nan ya faɗa mini.

Lokaci ya yi mana halinsa. Duk wanda ya san wani gidan fawa ko na burodi na gado a hanyar da yake bi, ya aiko mana da labarin garin da abin da ya gani, za mu karanta a shiri na gaba. Matafiya, Allah Ya sauke ku lafiya. Sai mako mai zuwa idan Allah Ya kai mu.